Na samu gurbin karatun inabi a Faransa, amma rabin sunan kwas ɗin na faɗa wa Baba

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 27 daga wani ƙauye a yankin Zariya. Na yi digirina a kimiyyar ƙasar noma, na gama bautar ƙasa shekara biyu da suka wuce, har yau babu aiki. Mahaifina yana da 'yar gonar inabi da ba ta kai kadada ɗaya ba. A ƙarƙashin rumfunanta na tashi, kuma ita ta biya rabin kuɗin makarantata, kawuna ya biya sauran. Inabin namu 'ya'yansa ƙanana ne, wata shekara ya yi tsami, in damina ta yi tsawo ganyen ya kamu da cuta. A kasuwa kuwa na waje da ake kawowa cikin kwali ya fi namu daraja.

Bara na nemi tallafin karatu a Turai, sai Allah ya sa aka ɗauke ni digiri na biyu: shekarar farko a Faransa, ta biyu a wata ƙasar, an ɗauke mini kuɗin makaranta da na zama. Cikakken sunan kwas ɗin shi ne noman inabi, haɗa giya, da wani abu da suke kira teruwar. Da na je wa Baba da labari na ce masa noman inabi zan karanta, na yi shiru da sauran. Ya yi murna har ya sa aka yi sadaka, ya kuma faɗa wa mutane a masallaci. Kawu ya san gaskiya, ya ce ilimi ilimi ne, in tafi, ai ba sai na sha ba. Yarinyar da zan aura ta ga takardar, ta ce ita ba za ta iya ɓoye wa iyayenta ba. An ba ni mako uku in amsa. Ba na iya barci. In tafi ko in haƙura?

Ɗanka, daga yankin Zariya.

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, barka da arziki. Irin wannan gurbi mutane daga ƙasashe da yawa suke nemansa, kuma ba da sanayya ake bayarwa ba. Wanda ya zauna shekara biyu yana yawo da takardu a ambulan, aka wayi gari wasu malamai a wata nahiya suka karanta bayaninsa suka ce shi suke so, dole zuciyarsa ta yi fari. Kada wannan damuwar ta sa ka manta an gwada ka an ga ka isa. Abin da ya sa aka zaɓe ka yana nan tare da kai ko ka tafi ko ba ka tafi ba.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Ka tambaye ni tafiya ko zama, amma ina jin abin da ya fi hana ka barci shi ne sadakar nan da Baba ya yi a kan rabin magana. Za mu zo kanta. Bari mu fara buɗe kwas ɗin mu ga abin da ke ciki, domin kai da kawunka duk kuna magana a kansa kamar abu guda ne, alhali abu uku ne aka ɗaure da igiya ɗaya.

Na farko shi ne itacen kansa: yadda ake yi masa aski, yadda ake ɗora shi kan rumfa ko waya, ban-ruwa, cututtuka, da zaɓen saiwar da za a aura masa. Wannan ilimi Turawan Faransa sun saye shi da tsada. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera ya shigo daga Amurka ya kama cin saiwar inabi, ya kusa share gonakin ƙasar, har aka gano mafita ita ce a aura irin Turai a kan saiwar inabin Amurka, irin auren da muke yi wa mangwaro. A shekarun 1880 kuma wani malamin jami'ar Bordeaux mai suna Millardet ya fito da haɗin gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa don maganin fumfunar ganye, dangin cutar da kake cewa tana kama gonar Baba da damina. Har yau ana fesa wannan haɗi a gonakin duniya. Wannan ɓangare tsarkakakken noma ne, babu malamin da zai ɗaga maka gira a kansa. Inabi ɗan itace ne da Alƙur'ani ya ambata cikin ni'imomi, a Suratu Abasa da Suratul Kahfi da wasu wurare.

Na biyu shi ne ɗakin matsa da ganguna: yadda ake matse inabin, a sa masa yis ya juya suga ya zama barasa, a tace, a adana, a ɗura a kwalba. A nan ne kawunka, Allah ya saka masa da alheri, bai ga hoton duka ba. Ya ce ba sai ka sha ba. To, a irin waɗannan makarantu ɗanɗano darasi ne mai zaman kansa. Ana jera wa ɗalibai kofuna, su shinshina, su kurɓa, su juya a baki, su tofar, sannan su rubuta abin da suka ji, kuma galibi ana ba da maki a kai. Akwai kuma zaman koyon aiki lokacin girbi, tsakanin Agusta da Oktoba, wanda yawanci a gidan haɗa giya ake yin sa, hannunka cikin aikin dumu-dumu. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma kai ma ka san ayar Suratul Ma'ida, ka kuma san hadisin da ya lissafa mutum goma game da giya, wanda bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai matsawa da wanda aka matsa wa da mai ɗauka da mai sayarwa. Don haka maganar “ba zan sha ba” ba ta rufe ƙofar. Idan za ka je wurin malami, kuma ina so ka je, kada ka tambaye shi hukuncin karatun noman inabi a Turai, domin amsar da kake so zai ba ka kuma ba za ta kwantar maka da hankali ba. Ka kwatanta masa aikin yadda yake: kurɓa da tofarwa, matsa, lura da ganga, da albashin da takardar za ta kawo daga baya. Ka zaɓi wanda yake da haƙurin saurare, ba mai yanke hukunci tun kafin ka rufe baki ba.

Ga mai karatunmu da addininsa bai hana shi wannan sana'a ba, in faɗa a gurguje, makarantun nan na ƙwarai ne: Montpellier da Bordeaux da Dijon a Faransa, Geisenheim a Jamus, Davis a Amurka, Adelaide a Ostareliya, Stellenbosch a Afirka ta Kudu. Amma kai ka rubuto mini a matsayin wanda abin ya tsaya wa a rai, a haka kuma zan amsa maka.

Na uku shi ne teruwar ɗin, kuma shi ne ya fi kusa da abin da ka karanta. Kalmar Faransanci ce da ta samo asali daga kalmarsu ta ƙasar noma, ma'anarta kuwa Bahaushe ya daɗe da saninta ko da bai sa mata suna ba. Me ya sa albasar Galmi ta fita daban? Me ya sa ake neman cittar Kaciya, da raken Maƙarfi, da tattasan Diffa? Irin ƙasar wurin, da ruwanta, da iskarta, da tsayin tudunta, da hannun mutanen da suka gaji noman, su ne suke haɗuwa su ba amfanin gona ɗanɗanon da ba a samunsa a wani wuri. Faransawa sun ɗauki wannan suka mai da shi ilimi, suka kuma mai da shi doka da kuɗi. Tun 1935 suke da hukumar da ke tsare sunayen wurare, ta yadda ba ka isa ka liƙa sunan wani yanki a kayanka ba sai a can aka noma shi bisa ƙa'idar wurin. A yankin Burgundi sun yanka tuddansu zuwa filaye sama da 1,200, kowanne da sunansa da iyakarsa, har UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Wani fili hanyar ƙafa ce kawai ta raba shi da maƙwabcinsa, amma farashin abin da suke bayarwa ya ninka. Wannan dabara ta iso Afirka: a 2013 masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru suka samu irin wannan kariya ta suna, daga baya Nijar ma ta yi wa albasar Galmi da kilishinta. Ɗan arewa da ya iya haƙa rami ya karanta ƙasa, ya kuma iya tsara yadda manoman yanki za su kare sunan kayansu, muna bukatarsa ƙwarai. Sai dai ka sani, a kwas irin naka ma'aunin teruwar a ƙarshe kofi ne. Ana tabbatar da bambancin fili da fili ne ta ɗanɗanon abin da aka matsa daga cikinsu. Igiyar da ta ɗaure abubuwan nan uku ba ta kwantuwa da sauƙi.

Yanzu bari in ajiye maganar addini gefe na ɗan lokaci, in yi maka magana a matsayin ɗan manomi, domin akwai abin da ban ga ka lura da shi ba. Mai noman inabin giya da mai noman inabin ci ba hanya ɗaya suke bi ba, wani lokaci ma baya suke ba juna. Na giya yana son 'ya'ya ƙanana masu kaurin ɓawo, yana rage yawan amfanin da gangan, yana barin itacen ya ɗan ji ƙishirwa don ɗanɗano ya taru. A yankunan Faransa masu suna doka ce ma take ƙayyade yawan abin da kadada za ta bayar, ta kuma takura ban-ruwa. Kai kuwa kukanka shi ne 'ya'yan gonar Baba ƙanana ne. Kana son manya, masu ƙyalli, marasa ƙwallo in da hali, masu jure hanya daga Zariya zuwa Legas ba su ruɓe ba. Ka ga za ka shafe shekara biyu ana koya maka yadda ake samun abin da kake ƙoƙarin gudu.

Sannan ga yanayi. Inabin Turai yana barci da hunturu: ganye ya zube, sanyi ya ratsa shi, bazara ta zo ya farka ya yi toho gaba ɗaya. Duk kalandar da za a koya maka a kan wannan barcin aka gina ta. Zariya tana kusa da tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta kudu da arewa, wajen digiri 11 ne daga gare shi, sanyinmu bai kai ya kwantar da itacen sosai ba, shi ya sa manomin ƙasa mai zafi yake tilasta masa da aski da janye ruwa da maganin fasa ido. Waɗanda suka ƙware a wannan ba a Burgundi suke ba. Suna Nashik da Sangli a jihar Maharashtra ta Indiya, inda ake yi wa inabi aski sau biyu a shekara, na gina reshe a Afrilu da na fitar da 'ya'ya a Oktoba, inda kuma suka rungumi saiwar da ake kira Dogridge saboda tana jure fari da ƙasa mai gishiri. Indiya tana da cibiyar bincike ta ƙasa a kan inabi kaɗai a birnin Pune. Suna Petrolina a kwarin kogin São Francisco na Birazil, wajen digiri 9 kudu da tsakiyar duniya, wuri mai zafi kamar namu, mai ƙarancin ruwa, inda da ban-ruwa ake girbi sau biyu a shekara, kuma hukumar binciken noma ta ƙasar, Embrapa, ta fitar da nata irin marar ƙwallo mai suna BRS Vitória a 2012. Suna Piura da Ica a Peru, ƙasar da a 'yan shekarun nan ta sha gaban Chile a fitar da inabin ci zuwa kasuwannin duniya. Kusa da mu akwai Masar, da Namibiya a bakin kogin Orange. Turkiyya kuma ta shahara da zabibi, musamman yankin Manisa, suna kuma dafa ruwan inabi ya yi kauri kamar zuma su ci da burodi. Ba ƙaramin kaso na inabin duniya ake ci ɗanye ko a shanya ba, kuma kasuwar tana da faɗin da za ta ɗauke ka har ka tsufa ba ka leƙa ɗakin ganga ba.

Ban ce karatun Faransa ba shi da amfani a gare ka ba. Ilimin saiwa da cuta da ruwa da ƙasa ɗaya ne ko'ina, ga horon bincike, ga harshen Faransanci da zai buɗe maka Nijar da Kamaru da Cadi. Amma ka auna da gaskiya: wataƙila kashi ɗaya cikin uku na karatun ne zai dawo da kai gonar Baba. Sauran zai ja ka wani wuri. Takardar da za a ba ka za ta ɗauki cikakken sunan kwas ɗin, ba rabin da ka faɗa a gida ba, kuma ita za ka riƙa miƙawa duk inda ka je neman aiki har ƙarshen rayuwarka. A Kano ko Zamfara ko Katsina, inda aka dawo da shari'a tun wajen 2000, babu masana'antar da ke jiran mai wannan takarda. Inda ake jiransa shi ne gidajen giya na Turai da Afirka ta Kudu da Ostareliya. Ranar da ka gama, tallafi ya yanke, aure yana jiranka, ƙanne suna kallonka, tayin aiki na farko daga can zai zo. Gara ka yi wannan lissafin yau a ɗakinka da ka yi shi a wancan lokacin da takardar albashi a gabanka.

Akwai wata tambaya kuma da kai kaɗai za ka amsa, ba sai ka faɗa wa kowa ba. Inabin kake so, ko fita kake so? In fita ce, babu abin kunya. Shekara biyu babu aiki tana sa mutum ya ga kowace ƙofa kamar ita ce ta ƙarshe. Amma in ka gane fita ce, sai ka ga ashe ƙofofin suna da yawa, ba dole sai wannan ba.

To ga abin da nake so ka yi, kuma mako uku ya isa in ba ka yi nawa ba. Yau ɗin nan ka rubuta wa mai kula da kwas ɗin. Ka gode musu, ka faɗa musu kai tsaye cewa kai Musulmi ne, ba ka shan giya kuma ba ka haɗa ta, sha'awarka tana kan itacen da ƙasa da inabin ci. Sannan ka tambaye su a fili: darasin ɗanɗano wajibi ne, kuma akwai abin da za a iya yi a madadinsa? Za a yarda ka yi koyon aiki a gona ko wurin renon dashe maimakon gidan haɗa giya? Za ka iya rubuta kundin bincikenka a kan inabin ci ko saiwa ko ban-ruwa, a wuri irin Puglia ta kudancin Italiya da ta shahara da inabin ci? Wane suna za a rubuta a takardar kammalawa? Kuma suna da wani kwas ɗan'uwansa na noman 'ya'yan itace ko kimiyyar ƙasa da za su iya nuna maka? Kada ka ji tsoron tambayar za ta sa su janye. Sun fi son ɗalibin da ya faɗi matsalarsa tun yana gida a kan wanda zai tsaya cak a tsakiyar zango. Ka nemi amsar a rubuce, ka adana ta. In da hali ka roƙe su su haɗa ka da wani tsohon ɗalibi Musulmi, in sun taɓa samu, ka ji yadda ya yi.

Ba zan ɓoye maka zatona ba: kwas ɗin da haɗa giya take cikin sunansa da wuya ya ɗauke maka ita gaba ɗaya. In suka ce ɗanɗano da aikin ganga wajibi ne, shawarata ka haƙura da wannan gurbi, ka kuma sanar da su da wuri don a ba na bayanka a layi. Kada ka karɓa da niyyar in ka isa can ka riƙa zillewa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma in tallafin naka irin na Erasmus Mundus ne, wato na Tarayyar Turai, mai biyan Yuro 1,400 a wata, ƙa'idarsa ba a ba mutum sau biyu. In ka karɓa ka yar a hanya, ka rufe wa kanka ƙofar wasu kwasa-kwasan nasu na lafiyar tsirrai da inganta iri da kimiyyar ƙasa, waɗanda suka fi dacewa da kai, kuma galibi ana buɗe nemansu daga Oktoba zuwa Janairu. Gwamnatin Turkiyya ma tana buɗe nata tallafin a farkon shekara, jami'o'inta irin Ankara da Ege suna koyar da inabi a sashen noman lambu. Akwai Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, akwai DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, akwai tallafin gwamnatin Indiya. Wanda aka ɗauka sau ɗaya ya riga ya san yadda ake rubuta takardar da ake ɗauka. In kuwa suka ba ka mamaki, suka ce akwai hanyar da za ka bi ta gona zalla, suka rubuta maka, malaminka ya duba ya ce babu laifi, to ka ɗaura ɗamara ka tafi, ni ma zan taya ka murna.

Amma ko wacce amsa ta zo, Baba ba zai jira ta ba. Ka same shi cikin kwana biyu ko uku. Ka dubi abin ta wajensa: dattijo ne da ya tashi a gaban jama'a ya ce ɗansa zai je Turai koyon noman inabi. In gaskiya ta fito daga bakin wani, ko daga gidan surukai, ko wani yaro ya karanta sunan kwas ɗin a Facebook ya kai masallaci, ba kwas ɗin ne zai fi yi masa ciwo ba, a ce ɗansa ya bar shi ya yi shela a kan abin da bai sani ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma naka kawunka da yarinyar sun riga sun san bakinsa. Ka zaɓi lokacin da yake shi kaɗai, bayan sallar isha ko a gona da safe. Kada ka fara da kare kanka. Ka ce, “Baba, akwai abin da na rage a maganar da na faɗa maka, tsoro ne ya sa, ka yafe mini.” Sannan ka faɗi sunan kwas ɗin duka, ka nuna masa wasiƙar da ka aika musu. Wannan wasiƙar ita ce shaidarka cewa tun kafin a tilasta maka ka fara neman gyara. Zai iya yin fushi, zai iya yin shiru na kwana biyu, ka ƙyale shi ya huce. In ka san Umma ce take iya sanyaya shi, ka fara da ita, amma kada ka aike ta ta faɗa a madadinka. Game da mutanen masallaci kuwa, ba a bin shi bashin bayani. “An ɗauke shi, amma muna duba wanda ya fi dacewa” gaskiya ce, kuma ta wadatar. Sadakar ma ba ta faɗi ƙasa banza ba, godiya ce a kan an zaɓi ɗansa, kuma an zaɓe shin.

Kawu kuma ka bi shi a hankali. Mutumin da ya zuba kuɗinsa a karatunka yana da haƙƙin ya so ganin amfaninsa, kuma na tabbata talaucin da yake hango maka ne ya sa ya ce ka rufe ido ka tafi. Ka je ka same shi kafin ka ga Baba ko jim kaɗan bayan nan, ka bayyana masa maganar ɗanɗano da koyon aiki, wadda nake zaton bai sani ba. Ka kiyaye abu ɗaya: kada ka ce wa Baba “ai Kawu ya sani”. Wannan kalma za ta iya haɗa manya biyu faɗan da zai fi kwas ɗin daɗewa.

Ita kuwa yarinyar, ka riƙe ta da kyau. Ta ga abin da zai iya kai ta Turai ko ya kawo muku kuɗi, amma ta ce ba za ta yi wa iyayenta rufa-rufa ba, ta kuma faɗa maka a fuskarka maimakon ta je ta faɗa a bayanka. Kada ka ɗauke shi barazana. Ka roƙe ta ta ba ka mako guda ka gyara gidanku tukuna, ka gaya mata ranar da za ka yi magana da Baba, ka kuma cika. Bayan nan ku zauna ku yi maganar da na ga ba ku yi ba: in tafiyar ta tabbata, wannan ko wata, za a ɗaura aure kafin ka tafi ne ko sai ka dawo, kuma ita ta yarda da jiran shekara biyu?

In ta kama ka jira zagaye na gaba, kada shekarar ta tafi a zaman majalisa. Kana da abin da yawancin masu neman gurbin nan ba su da shi, wato gonar inabi a ƙasa mai zafi da za ka shiga da ƙafarka kowace safiya. Ka roƙi Baba ya ba ka layi biyu ko uku. Ka haƙa rami ka karanta ƙasar yadda aka koya maka, ka kai samfuri a auna a Samaru, tunda cibiyar binciken noma tana kusa da kai. A layinka ka rage yawan nonnan da kowane itace yake ɗauka, ka tsinke wasu 'ya'yan tun suna ƙanana don sauran su samu wurin girma, ka rage ganyen da ya toshe iska. Ka nemi 'yar na'urar auna suga ta hannu, ba ta da tsada sosai. Inabi ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne, ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, don haka tsamin da kake kuka da shi sau da yawa gaggawar kai wa kasuwa ce take jawo shi. Masu fitar da shi waje sukan jira ma'aunin ya kai wajen 16 ko sama kafin su sa almakashi. Ka rubuta komai da kwanan wata: ranar aski, ranar toho, ranar fure, ruwan da aka ba shi, nauyin da aka girba a layinka da na Baba. Ka leƙa Hunƙuyi ka zauna da manoman da suka daɗe a harkar, ka ji irin da suke shukawa da inda yake ba su wahala. Littafin nan, da hotunansa, shi za ka ɗora a kan takardar neman gurbi ta gaba, kuma malamin da ke bincike a kan inabin ƙasashe masu zafi zai tsaya ya karanta shi.

Ka aika wasiƙar makarantar yau kafin ka kwanta. In amsarsu ta zo da wani abu da ya shige maka duhu, ka turo mini ita mu duba tare, ka kuma gaya mini yadda kuka yi da Baba. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya sanyaya zuciyarsa a kanka.